Ba a Mugun Sarki Sai Mugun Bafade: Woody Hayes da Jami'ar Mishigan

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya halarci filin wasa ran da aka yi karon ƙarshe na ƙwallo tsakanin gidajen kwananmu a zangon da ya wuce, ya san yadda aka tashi. Ba sai na tsaya tonon silili ba. An yi jifa, alƙalin wasa ya tsira da ƙyar, har aka kai wani ɗakin shan magani. Jifan ya dame ni ƙwarai, amma tafin da na ji ana yi wa masu jifan ya fi damuna. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo muku labarin wani mutum na ƙasar Amurka, wanda aka yi shekaru ana yi wa fushinsa tafi, sa'an nan ranar da fushin ya kayar da shi aka bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan bayyana irin wasan da ake magana, don ba irin namu na ƙafa ba ne. Ƙwallon Amurka mai siffar gwanda ne, rungumarsa ake yi a ruga da shi, ko kuwa a jefa wa abokin wasa ya cafe. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana ba masu ƙwallo dama sau huɗu su ci yadi goma na fili, in sun kāsa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo ya sami maki 6, sa'an nan ya zaɓa, ko ya buga da ƙafa ya ƙara maki 1, ko ya sāke ƙoƙarin ƙetare layin ya ƙara 2. Abin mamaki a nan shi ne ɗaliban jami'a ne ke yin wasan, amma 'yan kallonsu sun fi na manyan kulob-kulob na Turai yawa. Filin wasan Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor yana cin mutum fiye da 107,000, na Jami'ar Jihar Ohayo kuma da ke Kolombus yana cin fiye da 100,000.

Waɗannan jami'o'i biyu sun fara karawa tun 1897. Jihohinsu maƙwabtan juna ne, Mishigan a arewa, Ohayo a kudu, kuma tun cikin 1835 sun taɓa jan daga a kan wani ɗan zirin ƙasa inda garin Toledo yake. Gwamnatin tarayya ta ba Ohayo zirin, ta lallashi Mishigan da wata ƙasar a can arewa. Ashe an kashe wutar ne aka bar garwashi. Tun daga 1934 al'ada ta kafu a Ohayo, duk shekarar da aka ci Mishigan sai a ba kowane ɗan wasa wani ɗan ƙaramin wando na zinariya ya ajiye don tunawa. Watau gabar ta girmi mutumin da zan ba ku labarinsa. Tarar da ita ya yi, ya hura ta har ta kama.

An haifi Woody Hayes a 1913. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama kocin Jami'ar Jihar Ohayo a 1951, ya riƙe muƙamin shekara 28. A cikin wannan lokaci ya ci wasa 205, an ci shi 61, an yi kunnen doki 10. Ya ɗauki kambin ƙungiyar jami'o'in yankinsu, wadda ake kira Big Ten, watau Manya Goma, sau 13, kuma jami'arsa tana lissafa masa kambin ƙasa baki ɗaya sau biyar. Mutum ne mai yawan karatun tarihin yaƙe-yaƙe, yana ɗaukar fili tamkar fagen fama. Dabararsa ita ce a rungumi ƙwallo a yi ta kutsawa da ƙarfin tuwo, yadi uku yadi uku, har abokan karawa su gaji. Jifan ƙwallo kuwa bai cika yarda da shi ba, don a ganinsa hanyar asara ce.

To, wannan mutum ya ɗauki Mishigan ya mai da ita aikin rayuwarsa. Ba ya son ko ambaton sunanta, sai dai ya ce "waccan ƙungiya ta arewa". Shirin karawa da ita ba ya yankewa duk tsawon shekara, alhali wasan sau ɗaya ake yinsa, a ƙarshen watan Nuwamba. Akwai labarin da ya bazu cewa wata rana mai ya kusa ƙare masa a cikin jihar Mishigan, ya ce gara ya tura motar da hannu har ya ƙetare iyaka da ya ba mutanen can ko sisin kwabo. Mutanen Ohayo suna jin daɗin ba da wannan labari har gobe, wanda ya nuna irin kocin da suke so ke nan.

A 1968 Ohayo ta yi wa Mishigan kaca-kaca, 50 da 14. Ana gab da tashi, nasara ta riga ta tabbata, amma bayan cin ƙarshe sai aka ga 'yan wasan Hayes sun nemi ƙarin maki biyu maimakon ɗaya. Mutanen Mishigan suka ɗauki wannan cin fuska ne, suka ƙulla shi a zuci. Ba a jima ba suka ɗauko sabon koci, Bo Schembechler. Wane ne shi? Yaron Hayes ne na hannun dama. Ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Jami'ar Miyami ta jihar Ohayo, ya kuma yi masa mataimaki shekara biyar, daga 1958 zuwa 1962. Duk wata dabara ta maigidan a tafin hannunsa take.

Ran 22 ga Nuwamba 1969 Hayes ya shiga Ann Arbor da ƙungiyar da ta ci wasa 22 a jere, wadda ke ta ɗaya a ƙasar, har 'yan jarida na cewa ba a taɓa yin irinta ba. Shi kuwa Bo ya sa an manna lamba 50 ko'ina a wurin horon yaransa, don kada wani ya manta da wulaƙancin bara. A gaban mutum fiye da 103,000 Mishigan ta ci 24 da 12. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Daga nan aka buɗe abin da Amurkawa ke kira Yaƙin Shekara Goma, daga 1969 zuwa 1978, tsakanin maigida da yaronsa. Bo ya ci biyar, Hayes ya ci huɗu, aka yi kunnen doki sau ɗaya.

Dole in faɗi gaskiya, wannan hamayya ta yi amfani. Kowannensu ya san in ya yi sake ɗayan zai wuce shi, saboda haka babu mai barci. A waɗannan shekaru goma kambin yankin bai taɓa fita daga hannun su biyun ba, har aka riƙa yi wa ƙungiyar ba'a ana ce mata Manya Biyu da Ƙanana Takwas. A nan ne aka sami Archie Griffin na Ohayo, wanda ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i sau biyu a jere, 1974 da 1975. Mai cewa hamayya ba ta da rana bai san wasa ba. Wuƙa ba ta kaifi sai an goga ta da dutse, ɗalibi ma yakan fi ƙwazo in akwai mai binsa a baya a aji.

Amma mu dubi ɗaya gefen. A wancan zamani ladan zakaran yankin shi ne zuwa babban wasan sabuwar shekara da ake kira Rose Bowl a jihar Kalifoniya, inda zai gamu da zakaran yammacin ƙasar. Daga Janairun 1970 zuwa Janairun 1979 an yi wannan wasa sau goma, Ohayo ta je biyar, Mishigan ta je biyar. Kun san sau nawa suka ci? Sau ɗaya tak, a 1974, sa'ad da Ohayo ta ci Jami'ar Kudancin Kalifoniya 42 da 21. Bo kam duk biyar ɗin ya sha kāshi. A ganina dalilin a fili yake. Sun ƙare ƙarfinsu a kan juna, kuma kowanne ya gina ƙungiyarsa don karya maƙwabcinsa mai irin salonsa. Da suka gamu da mutanen yamma masu gwanintar jifan ƙwallo, sai ido ya raina fata. Wanda ya kafa wa mutum ɗaya ido, sauran duniya takan wuce shi bai sani ba.

Har wa yau gabar ta fara cin adalci. A 1973 suka haɗu babu wanda aka taɓa ci a cikinsu duk shekarar, aka tashi 10 da 10. Sai aka ba shugabannin wasanni na jami'o'in goma su jefa ƙuri'a, suka zaɓi Ohayo ta tafi Kalifoniya. Bo bai yafe wannan hukunci ba har ya bar duniya. Daga 1972 zuwa 1974 Mishigan ta ci wasa 30, an ci ta sau biyu kawai, amma ba ta je ko wasan ƙarshen shekara guda ba, don ƙa'ida ta ce ƙungiya ɗaya kaɗai ke fita. Sai a 1975 aka soke ƙa'idar. Ku duba fa, aikin yara na shekara guda ya koma ana auna shi da yammaci ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Fushin Hayes ba ɓoyayye ba ne. A wasan Mishigan na 1971, da ya ga alƙali bai hura abin da yake so ba, sai ya afka cikin fili yana masifa, ya dawo gefe ya farfasa alamun awon fili a gaban dubban mutane. A Janairun 1973, kafin a fara Rose Bowl, ya tura wa wani mai ɗaukar hoto kyamararsa a fuska. A wasan Mishigan na 1977 ya kai wa mai ɗaukar hoton talabijin naushi, ana nunawa duk ƙasa tana gani. Me aka yi masa? Jan kunne. Magoya baya kuwa suka ce ai kishi ne, haka Woody yake, wanda ba ya son a ci shi dole ya yi zafi. Ɗalibai suka yi ta kwaikwayonsa suna dariya. Jami'a ta ɗauke kai, don fili na cika, kuɗi na shigowa.

Sa'an nan sai rana ta juya. Mishigan ta ci shi 22 da 0 a 1976, 14 da 6 a 1977, 14 da 3 a 1978. Shekara uku yaransa ba su ƙetare layin Mishigan ko sau ɗaya ba. Masu tafin jiya suka fara raɗe-raɗin cewa tsoho ya gaji. Da wannan nauyi a ka ya tafi wasan Gator Bowl a jihar Fulorida ran 29 ga Disamba 1978, inda ya gamu da Jami'ar Clemson. Saura kamar minti biyu a tashi, ana cinsa 17 da 15, yaransa sun matso kusa, sai aka jefa ƙwallo, wani ɗan wasan Clemson mai suna Charlie Bauman ya cafe. Aka ture shi waje daidai gaban Hayes. Yaro na miƙewa, sai dattijo ɗan shekara 65 ya kai masa naushi a maƙogwaro, a idon miliyoyin masu kallon talabijin. Washegari da safe aka sallame shi daga aiki. Wanda ya kai masa saƙon kuwa tsohon mataimakinsa ne, wanda ya zama shugaban wasanni na jami'ar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Ban ce an zalunce shi ba. Malamin da ya doki ɗalibin wani a bainar jama'a ba shi da sauran wurin zama a jami'a, ko da ya ci kambi ɗari. Tambayata ita ce, ina wannan tsantseni yake a 1971? Ina yake a 1977? Hannun da ya doki Bauman shi ne ya doki mai ɗaukar hoto shekara guda kafin nan. Zan yarda cewa dukan ɗalibi ya fi muni, amma ba zan yarda cewa shi kaɗai ne bambancin ba. A da, mai naushin yana kawo wandon zinariya, a 1978 kuwa ya daina kawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da an dakatar da shi na shekara guda tun a karon farko, wataƙila da ya gama aikinsa da mutunci. Waɗanda suka yi masa kirari sa'ad da yake fasa alamun fili suna da kaso a cikin faɗuwarsa, ko da yake babu wanda aka kora a cikinsu. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a filin wasa mu 'yan kallo mu ne fadawa.

Abin takaici, wannan jami'a ta taɓa nuna ta san ciwon kanta. A 1961 ƙungiyar Hayes ta cinye yankin ba a ci ta ba, aka gayyace ta Rose Bowl. Majalisar malamai ta zauna, ta jefa ƙuri'a 28 da 25 cewa ba za a je ba, don suna ganin ƙwallo na neman danne sunan jami'ar a fagen ilmi. Su wa suka tayar da tarzoma? Ɗalibai ne, dubbansu, suka cika titunan Kolombus suna zagin malamansu. Shi kuwa Hayes, duk da bai ji daɗi ba, ya karɓi hukuncin, ya ƙi ingiza yaran. Wannan ya nuna mini cewa mutumin yana iya bin doka in an gitta masa ita. Bayan wannan shekara ne aka rasa mai gitta masa.

Kada kuma wani ya ɗauka mugu nake siffanta muku. Tsofaffin yaransa sun shaide shi da matsa musu su gama digiri, yana tambayar karatunsu kamar yadda yake tambayar wasansu. Yana yawan ziyarar marasa lafiya a asibiti ba tare da neman a sani ba, ya je Biyetnam gaida sojoji, kuma ya sha ƙin karɓar ƙarin albashi. Irin wannan mutum ne aka bari fushi ya ci, shi ya sa labarin ya fi ban tausayi. Da ɗan iska ne da babu darasi a ciki.

Ga kuma abin da masu zage-zage a madadinsa ba su lura da shi ba. Gabar da suke kashe kansu a kai, su masu ita ba su kai ta zuci yadda ake zato ba. Bayan an sallami Hayes, zumuncinsa da Bo ya dawo sabo. A watan Maris 1987, yana fama da ciwo, ya ji Bo zai yi jawabi a wata liyafa a garin Dayton. Aka yi aka yi ya zauna gida, ya ƙi. Ya sa aka kai shi, ya tashi ya gabatar da tsohon yaronsa da yabo mai tsawo, ya zauna ya saurare shi har ya gama. Ran 12 ga watan ya rasu cikin barcinsa. Tsohon shugaban ƙasa Richard Nixon ne ya yi jawabin ta'aziyya a wurin jana'izarsa. Bo kuwa ya rasu ran 17 ga Nuwamba 2006, ana gobe za a kara tsakanin jami'o'in biyu. Su sun rabu suna masu girmama juna, suka bar 'yan kallo da ƙiyayyar.

Ko an koyi darasi bayansu? Ban gani ba. John Cooper ya riƙe ƙungiyar Ohayo daga 1988 zuwa 2000, ya ci wasa 111, amma abin da ake tuna shi da shi kawai shi ne sau biyu ya ci Mishigan a karo 13. Ryan Day ya sha kāshi a hannunta sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. Bayan wasan 2024, wanda Mishigan ta ci 13 da 10, 'yan wasanta suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar filin Ohayo, faɗa ya kaure, har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Magoya baya suka yi ta kiran a kori kocin. Bai cika wata biyu ba, a Janairun 2025, wannan koci ya ɗauko musu kambin ƙasa baki ɗaya. Ka ji mutanen da suka kusa yar da zakaran ƙasa don ya kāsa kayar da maƙwabci.

Mu kuwa da muka tashi a ƙasar da ta san wasan taubasantaka, bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, kullum cikin tsokanar juna suke, kowa na cewa shi ne gaba, amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa, kuma wanda ya yi fushi shi aka ci. Abin da nake roƙo ke nan mu mayar filin wasanmu. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta rubuta ƙa'ida a fili tun kafin gasar baɗi, cewa duk ɗan wasa ko mai horarwa da ya ɗaga wa wani hannu za a dakatar da shi tun a karon farko, ko shi ne gwanin gwanaye, ko gidan kwanansa ne ke riƙe da kofi. Gidan da magoya bayansa suka yi jifa kuma a zare masa maki. Ƙa'idar da ake sassautawa don mai laifi yana cin wasa, ba ta hana komai, jinkirta abin kunya kawai take yi har ya girma.

Mu 'yan kallo kuma mu binciki kanmu. A cikin waɗanda muke yi wa kirari yau don sun iya zagi da tayar da ƙura, a fili ko a zaɓen ƙungiya, akwai masu hazaƙa da zuciya mai kyau kamar Woody Hayes. In muna ƙaunarsu da gaske, mu ja musu kunne tun suna cin nasara, lokacin da faɗin gaskiya ke da wuya. In mun bari sai sun fāɗi sa'an nan muka tuna da tarbiyya, to mun yi musu irin abin da mutanen Kolombus suka yi wa nasu gwanin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu gyara.